Malami a Bencin Ɗalibai: Hukuncin Koyon Na'ura a Zangon Lome

Ciniki ya riga karatu karɓar na'ura a birnin Lome, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar Asigame, babbar kasuwar da ta yi suna da atamfa da attajiran matan nan da ake kira Nana Benz. Bahaushen da ke da rumfa a can, ko Bazabarmen da ke haɗa kaya zuwa Yamai da Maradi, ba ya jiran fatawa kafin ya ɗauki hoton turmin atamfa ya tura wa abokin ciniki ta WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya, kuɗi su faɗo masa ta Flooz kafin a kira la'asar. Da yawansu ko ƙofar lakwal ba su taɓa takawa ba, amma yatsunsu sun san hanya. 'Ya'yan waɗannan mutane su ne ke cika makarantun allo da islamiyyu da makarantun Faransanci da Larabci na Zango, unguwar da hukuma ta tashe ta daga tsakiyar gari a 1977 ta mai da ita arewa, wajen Agoe da Togblekope, kasuwa kuwa ta zauna inda take. Uban yana sarrafa waya tun asuba har dare, yaron ya tashi yana ganinta a hannun kowa, shi kuwa malamin da aka danƙa wa yaron sau da yawa iyakarsa da ita kira da amsawa, sai ƙwace ta idan ya kama ta a aji. Tambayar da ke tasowa daga nan ta addini ce kafin ta zama ta sana'a: shin akwai nauyi a wuyan malami ya koma bencin ɗalibai ya yi kwas a kan koyarwa da na'ura, ko kuwa ƙawa ce ta zamani da mai mutunci zai iya kau da kai daga gare ta? A ganina nauyin yana nan daram. Ban ce na'ura ta fi allo koyarwa ba, don sau da yawa ba ta fi shi ba. Hujjata ita ce malami alƙali ne a kan abin da zai shiga kan yaro, alƙali kuwa ba ya hukunci a kan abin da bai sani ba.

Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa sai an san siffar abu sannan a yanke masa hukunci. Malamin makaranta kullum cikin yanke hukunci yake, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Idan ya ce kada wanda ya zo masa da waya, fatawa ya bayar. Idan uwa ta tare shi a ƙofar makaranta ta ce, "Allah gafarta malam, yaron nan yana sauraren karatu a wayar babansa, in bar shi ko in hana?", duk abin da ya gaya mata da shi za ta yi aiki a gida. In ya yi shiru ma, shirun ya zama izini. Ba shi da hanyar tsere wa hukuncin, abin da ke hannunsa kawai shi ne ya yi shi da sani ko da ka. Akwai ƙa'ida ta biyu da ke biye da wannan: duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Da ita aka ɗora wa mai son fassara Alƙur'ani koyon nahawu da sarfu, alhali babu wanda ya ce nahawu ibada ne a karan kansa. Imamu Gazali, a babin ilimi na Ihya'u, ya sa likitanci da lissafi, har da saƙa da noma, cikin farali kifaya, abin da idan gari ya rasa mai yinsa laifin ya hau kan kowa. Mai musu zai ce to ai magana ta ƙare, kifaya ce, wasu su yi saura su huta. Sai dai a dubi makarantar Zango mai malamai uku ko huɗu: idan babu ko ɗayansu da ya san abin, wa ya ɗauke musu? Kifaya tana komawa wuyan mutum guda a duk inda babu waninsa, kamar yadda wankan gawa ke zama dole a kan wanda shi kaɗai ya iya a ƙauyen.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne da sai an yi masa kwalliya kafin ya shiga addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙun da ke shiga da fita, ya kuwa koye shi cikin kusan rabin wata. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa an sa su koya wa yaran Madina rubutu, aka karɓi fasaha daga hannun abokin gaba ba tare da an karɓi aƙidarsa ba. Misalin da ya fi kusa da mutanen Lome kuwa shi ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga, ya bar ta bayan yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa garin, ya tare a Kete-Krachi lokacin tana cikin Togo ta Jamusawa, ya rasu a can a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa. A zamanin da ayarin goro ke kwashe watanni tsakanin Kano da Gwanja, wasiƙa ita ce abin da ke riƙe amana da bashi da zumunci, shi kuma bai ga cewa koyar da ita ya yi wa malami ƙanƙanta ba. Daga baya ya zauna da Adam Mischlich, jami'in Jamus mai nazarin Hausa wanda ya fitar da ƙamus a 1906, ya rubuta masa tarihi da al'adun ƙasar Hausa da ajami. Wannan malamin dai shi ne ya yi waƙoƙi masu zafi a kan zuwan Nasara. Kusantar kayan baƙi bai mai da shi ɗan amshin shata ba, sai ma ya ba sukarsa nauyi, don a kan abin da ya gani da ido yake magana.

Wannan ra'ayi yana da masu suka. Suka ta farko ita ce mafi ƙarfi, kuma wanda ya raina ta bai san karatun zaure ba. Masu ita suna cewa ilimi daga baki yake zuwa kunne, daga ƙirji zuwa ƙirji, yana tafe da sanadi da ladabi da albarka, kuma babu ko ɗaya cikin ukun nan da gilashin waya ke ɗauka. Tsoron nan tsoho ne. Aflatun ya sa a bakin Sukurat cewa rubutu zai raunana hadda ya haifar da masu kamar sun sani alhali ba su sani ba, wasu daga cikin magabata ma sun ƙi rubuta hadisi har sai da Umaru ɗan Abdul'azizu ya ba da umarnin a tattara shi. Akwai gaskiya a ciki. A dubi abin da ke faruwa da allo: yaro ya wanke shi da yamma ya jingine ya bushe, da safe ya feƙe alƙalamin gamba, ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro, ya rubuta ƙarinsa harafi bayan harafi, ya durƙusa malam ya biya masa yana bin layi da ɗan yatsa, kuma ba zai wanke ba sai ya kawo hadda. Hannu ya yi aiki, ido ya yi, kunne ya yi, harshe ya yi, an kuma hana shi wucewa gaba sai na baya ya zauna. Masana koyarwa na yau sun dawo suna yaba irin wannan, wato tilasta wa ƙwaƙwalwa ta fito da abu da kanta da maimaita shi a kan tazara. Wayar da ke ajiye wa yaro komai tana iya sa shi ya ƙi ajiye komai a kansa.

Amma sukar tana nuna haɗarin na'ura ne, ba ta nuna cewa jahiltarta kariya ce ba. Da injin ɗab'i ya zo, mushafin Alƙahira na 1924 ya bazu a duniya da riwayar Hafsu da rubutun gabas, alhali ƙasar Hausa da Barno da zangunan kurmi Warshu suke karantawa da rubutunsu mai kauri. Abin da ya tsare wannan gado shi ne samun mutanen da suka san bakin zaren ta fuska biyu, aka ɗauki mushafin da marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano suka rubuta da hannu, aka buga shi da inji ya cika kasuwanni. Yau rigimar ta dawo cikin aljihu. Yawancin manhajojin Alƙur'ani da Hafsu suke buɗewa. Yaron da ya saba da cewa harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, idan ya buɗe wayar babansa zai ga fa da ɗigo ɗaya a sama ya karanta ta ƙaf. Zai ji alaramman cikin waya ya ja wata kalma tun a Fatiha wadda malaminsa bai ja ba, ya dawo makaranta da ita. Malamin da bai san ciki ba abu biyu ne a gabansa: ko ya zane yaron a kan kuskuren da ba kuskure ba ne, ko ya bar shi ya tashi da zaton cewa waya ce daidai, malam ne ya yi kure. Wanda ya san cewa a cikin saitin manhaja akwai wurin zaɓar riwaya da makaranci, minti biyu sun ishe shi ya gyara wa gida guda, ya kuma samu ƙofar koya wa yaron cewa ƙira'a ba ɗaya ba ce. Sanadin da ake tsoron ya yanke, a nan sanin na'ura ne ya riƙe shi.

Suka ta biyu daga masu lissafi take zuwa. Suna cewa an sha gwadawa ba a ga komai ba, kuma suna da shaidu. Nijar ta fara koyarwa da talabijin a makarantun firamare tun 1964. Kwaddibuwa ta yi nata gagarumin shirin daga 1971, da cibiya a Bouake, aka kashe kuɗi masu yawa, aka rufe shi a 1982 bayan iyaye da malamai sun juya masa baya. Peru ta raba wa yara ƙananan kwamfutoci sama da 800,000, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012, a makarantu 319 na karkara, bai ga wani ƙari a lissafi ko harshe ba. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata a karanta wa duk mai zuwa Zango da kwalayen kwamfuta da mai ɗaukar hoto a bayansa. Sai dai a lura da abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye: na'ura aka sa a gaba, malami ya zama mai kunnawa da kashewa. A inda aka bi ta hannun malamin, labarin ya sha bamban. A yankunan Dosso da Damagaram, a 2009 da 2010, an gudanar da ajin yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci, a wasu ƙauyukan aka ƙara darasin amfani da ƙaramar waya mai maɓallai, malaman ajin ne kuma suka koyar da shi bayan an horar da su. Ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: sun samu abin da za su yi da harafin da suka koya bayan an tashi. A Kisumu ta Kenya an gwada hanya uku, na'urar karatu a hannun yara, kwamfutar hannu ga malamai, da kwamfutar hannu ga masu zagayawa suna horar da malamai, sai ta ƙarshen ta fi biyan kuɗinta. Shaidun masu suka, in an karanta su har ƙarshe, goyon bayan karatun malami suke yi.

To, me ya kawo kwas? Ɗan kasuwar Asigame bai yi kwas ba, ga shi yana ciniki da Guangzhou daga rumfarsa. Me zai hana malami shi ma ya lallatsa har ya iya? Wannan ce suka ta uku, kuma amsarta tana cikin bambancin kasuwa da aji. Kasuwa tana hukunta kuskure nan take. Wanda ya tura kuɗi lambar da ba ita ba, kafin magariba ya ji a jikinsa, gobe ba zai sake ba. Kuskuren malami kuwa ɓoyayye ne, yana iya shekara biyar bai bayyana ba, kuma idan ya bayyana wani ne ke biya. Malami na iya haska majigi, yara su yi tsit suna kallo, ya koma gida yana jin ya koyar, alhali nishaɗi aka yi. Ba zai gane ba sai an koya masa yadda ake auna abin da ya zauna bayan mako guda, sai kuma wani ya zauna a bayan ajinsa ya gaya masa abin da shi ba ya gani. Latse-latse yana koyar da inda maɓalli yake. Ba ya koyar da wane darasi ne ke son hoto, wanne ke son murya, wanne kuma na'ura ke ɓatawa. Ba ya koyar da abin da manhajar kyauta ke kwasa daga wayar yaro, ko haƙƙin yarinyar da aka ɗauki hotonta aka watsa a zauren iyaye ba da izini ba. Waɗannan suna buƙatar tsari, da na gaba mai gyara, da abokan karatu da za a yi muraja'a da su. Mutanen zaure sun fi kowa sanin haka, su da ke cewa wanda littafi ne kaɗai malaminsa kuskurensa ya fi daidansa yawa. Abin mamaki ne a ce masu wannan ra'ayi a kan Ahalari da Iziyya su ne za su ce na'ura kowa ya koya da kansa.

Tsarin ma ba sai an ƙirƙiro shi daga sama ba. Togo tana da makarantar horon malamai ta Atakpame da makarantun horar da malaman firamare irin na Notse da Dapaong, tana kuma cikin ƙasashen da suka shiga shirin IFADEM na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda ke horar da malami yana kan aikinsa: littattafai bugaggu a hannunsa, mai bibiya da ke haɗuwa da shi lokaci-lokaci, da gabatarwa ga kwamfuta da intanet. Najeriya ta kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don irin wannan karatu daga nesa. Tun kafin su duka, matan da Nana Asma'u ta naɗa jaji suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar, su sake dawowa da tambayoyin da suka taras.

Suka ta huɗu ba ta da daɗin ji, don daga cikin gida take. Kowa ya san irin kwas ɗin da ake yi na kwana uku a ɗakin otal mai sanyi, a sa hannu a takardar halarta, a karɓi kuɗin zama da jaka mai tambari, a rataye takardar shaida a bango, Litinin ta yi a koma yadda ake. Idan wannan ne ci gaban malami, gara a bar shi. Ba na musun yawansa. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi ya nuna cewa kusan rabin ƙasashen duniya ne kawai ke da ma'aunin abin da ake son malami ya iya a wannan fanni, inda kuwa babu ma'auni, halarta ce ke zama sakamako. Amma lalacewar niyya ba ta soke aikin, gyara take nema. Littafin Ta'alimul Muta'allim, wanda ba baƙo ba ne a zaurukanmu, ya ware fasali guda tun daga farko a kan niyyar neman ilimi, domin matsalar neman karatu don suna da abin duniya ta girmi kwamfuta da ƙarnoni. Babu laifi malami ya so ƙarin albashi, yana da iyali, kuma malamin Zango ba ya cikin masu ƙoshi. Laifin shi ne takarda ta zama ita ce maƙasudi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, ko mai unguwa zai iya yinsa: bayan wata guda da gama kwas, a tambayi malamin abu ɗaya da ya sauya a ajinsa, da yadda ya san cewa sauyin ya amfani yara. In ya ce ya gwada kaza bai yi ba ya bari, wannan ma amsa ce ta wanda ya yi karatu.

Akwai kuma abin da ba a cika furtawa ba, wanda nake zaton shi ne ainihin abin da ke riƙe ƙafafu: girma. Mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo, ake cire takalmi a gaishe shi, yanzu zai zauna gaban yaro sa'an ɗansa, mai yiwuwa ma wanda shi ya yi wa saukar Alƙur'ani, hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, yana neman harafi a allon maɓallan Faransanci bai gani ba, yana tambayar abin da aka faɗa masa sau uku. Da ciwo. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba su ce ba ya sa jin nauyi ba. Suratul Kahfi, wadda ake karantawa kowace Juma'a, ta ba da labarin Annabi Musa, ma'abocin Attaura, ya yi tafiya mai wahala don ya bi wani bawan Allah ya koya, aka gindaya masa sharaɗi, ya kasa haƙuri, ya nemi uzuri. Idan matsayi yana hana zama ɗalibi, da shi ya fi cancanta ya hana. A nan ne nake ganin ci gaban gaskiya yake, fiye da duk wata manhaja da za a koya. Malamin da ya shekara ashirin yana koyar da abin da ya sani kamar sunansa yakan manta ɗanɗanon rashin sani. Ba ya tuna yadda kunya ke toshe kunne, yadda mutum kan ce "na gane" don kawai a ƙyale shi, yadda tsawa ɗaya ke kore abin da aka fara kamawa. Kwas yana mai da shi wannan wuri da ƙarfin tsiya. Wanda ya ji zufa ta keto masa don an ce ya adana fayil ya rasa inda ya shiga, idan ya koma ya tarar da yaron da ya kasa raba sin da shin, akwai kyakkyawan zato bulalarsa za ta yi jinkiri. Ba dole ba ne hakan ta faru, akwai wanda zai huce haushinsa a kan yara, amma ƙofa ce da ba ta buɗuwa ga wanda bai taɓa komawa benci ba.

Kada kuma a ɗauka malamin Zango hannu rabbana zai je. Yana tafe da abin da masu koyar da kwas ɗin da yawa ba su da shi. Tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT da ire-irensa suka fito, ɗalibi na iya tambayar na'ura hukunci ta ba shi amsa da Larabci mai santsi, wani lokaci har da hadisin da babu shi da sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Duniyar boko tana ta neman yadda za ta koya wa yara tantance majiya. Almajirin hadisi ya gaji wannan tun ƙarni na biyu na Hijira: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, an san shi da gaskiya, wani ya ruwaito irinsa? Abin da ya rage masa shi ne ya san yadda na'urar ke ƙera magana, cewa tana jera kalmomin da suka fi dacewa da juna ne bisa abin da aka ɗura mata, ba ta ji daga kowa ba, ba ta kuma jin kunyar ƙarya. Da zarar ya fahimci wannan, ya san matsayin da zai ba ta a ma'auninsa, ya kuma san yadda zai bayyana wa ɗan shekara goma sha biyu. In bai fahimta ba, ko dai ya ce aljani ne, yara su yi dariya a ɓoye, ko ya sallama mata.

Lokaci ma ba ya jira. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Togo a watan Maris na 2020, cikin 'yan makonni gwamnati ta iya tura wa talakawa tallafin Novissi ta waya, saboda hanyar kuɗi a buɗe take tun da can. Hanyar darasi kuwa ba a share ta ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A Maris na 2022 igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta fara taɓa ƙasar Afirka a gaɓar Lome. Abin da ke cikinta zai iso ɗakunan Zango ko malamai sun shirya ko ba su shirya ba.

Saura maganar wanda zai ɗauki nauyi, domin wajibi ba ya hawa kan wanda ba shi da iko. Kwasa-kwasan hukuma da Faransanci ake yinsu, don malaman da ke cikin rajistarta. Alaramman makarantar allo da malamar islamiyyar matan aure, waɗanda karatunsu da Larabci da Hausa ne, ko da Tem ko Zabarmanci, ba su cikin lissafin, kuma ba adalci ba ne a zarge su da ƙin shiga ƙofar da ba a buɗe musu ba. A nan kifayar ta koma kan jama'a: limamai, Ƙungiyar Musulmin Togo, da attajiran da suka saba gina masallaci da haƙa rijiya amma ba su saba ganin horar da malami a matsayin sadaka mai gudana ba. Abin da ake bukata bai kai kuɗin hasumiya ɗaya ba. A sa karatun ranakun Alhamis da Juma'a da safe, lokacin da makarantun allo ke hutu. A yi shi da harshen da malaman ke mafarki da shi, a kan wayar da ke aljihunsu, tun da ita za su koma da ita, a kuma fifita abin da ke aiki ba tare da data ba, kamar karatun da aka sauke a katin waya ake tura wa juna. A ware wa mata ajinsu da mai koyarwa mace, domin su ne ke riƙe da ƙananan yara, kuma su ne aka fi mantawa idan ana rabon kujeru. A ja shi wata uku ko huɗu maimakon kwana uku, kowane mako malami ya gwada abu guda a ajinsa ya dawo ya faɗi abin da ya gani, sauran su yi masa tambayoyi. Masu koyarwa kuwa ba sai an nemo su daga nesa ba: cikin 'ya'yan Zango da ke Jami'ar Lome akwai waɗanda suka yi allo kafin su yi boko, sun san yadda ake durƙusawa a gaishe da malam sannan a nuna masa inda zai latsa.